Tukunyar Arawa a Sansanin Alhaji Gado

A Jega aka fara cutata, kuma wanda ya cuce ni da harshen gidanmu ya yi mini magana.

Sunana Gambi, daga wani ƙauye gabas da Geceme, a ƙasarmu ta Arawa da muke ce wa Arewa, wajen Dogon Dutsi. Ban yi lakol ba, makarantar boko ke nan, ban san baƙi ba. Faɗa nake ana rubutawa, kuma na sa a riƙa karanta mini, in na ji an ƙara abin da ban ce ba a goge. Abin da ya raba ni da gida ɗana ne, Arzika, shi kaɗai ne namijin da ƙasa ta bar mini. 'Yan shekaru ne bayan Nasara ya sauka daga mulki, lokacin da yaƙi ya ɓarke a kudancin Najeriya. Arzika ya bi Alhaji Gado mai kamiyo, manyan motocin kaya, wai gadin motoci. Damina ta zo ta wuce, gonar ubansa ta koma ciyawa, ba shi ba saƙonsa.

Na sauko daga motar shanu a tashar Jega ƙafafuna a kumbure, ban san gabas ba ban san yamma ba. Wani mutum mai farar riga tsaf ya dubi tsagar fuskata, wadda ta taso daga gefen baki ta nufi kunne, ya durƙusa har ƙasa.

"Inna, ke Ba'ara ta. Mi ya kawo ki nan ke ɗaya?"

Na ce Arzika nake nema, na wurin Alhaji Gado.

"Arzika, Arzika. Wani dogo haka?"

"Gajere na."

"Shi hwa, gajere. Shekaranjiya munka ci abinci tare."

Na ji inda ya yi tuntuɓe. Amma na daɗe ban ji sunan ɗana a bakin kowa ba, sai na bar maganar ta wuce. Ya ce motar Alhaji na bayan kasuwa tana shirin tashi, in ba shi ƙunshina ya kama mini wuri a gaba. Na ba shi. Zannuwana na ciki, da gumbar da na daka, da man shanun da na tara wa yaron. Mutumin ya shige tsakanin rumfunan masu gishiri, har yau bai fito ba. Abin da ya rage mini akushin marigayi mijina ne, don shi na goya a baya kamar jariri. Tun daga ranar, duk wanda ya yi mini fara'a hannunsa nake duba.

Na zauna gindin wata ɗorawa ina jiran motocin Gado na gaskiya. Masu tasha suka ce ba su ɓuya, koraye ne, an zana zaki a ƙofa. Zaki, shi da ya fara da jakai.

Na san Gado tun ba Alhaji ba. Gishirin Foga yake ɗaukowa da 'yan jakansa, ya komo da goro. Zamanin Nasara, in kumandan, Baturen mulki, ya sa a tara gero don masu aikin hanya, jakan Gado ke ɗauka, kuma ko ta yaya shi ke sanin rumbun da aka ɓoye. Da aka samu mulkin kai ya sayi tsohon kamiyo hannun wani Bature da zai koma ƙasarsu. Shekarar da jandarma suka cika ƙauyuka suna neman waɗanda aka ce sun shigo da bindigogi, Gado ke kai musu abinci, shi ke nuna musu hanyoyin daji. Cikin waɗanda aka tafi da su a bayan motarsa har da wanda muka yi wasan ƙasa tare. Da wannan ta lafa ya je Makka ya dawo. Sai ga yaƙin kudu. Sojoji na son shanu da shinkafa da man mota, ya karɓi kwangila. Aka fara tare motoci a daji, soja kuma ba su da mutanen da za su ba kowace mota rakiya. Gado ya ce a bar masa, zai kawo masu gadinsa. Ya dawo Arewa ya bi gidajen maharba ɗaya bayan ɗaya.

Ya san abin da yake nema. Mijina Bawa maharbi ne, ya sha maganin ƙarfe hannun ubansa can wajen Lugu, kuma kafin ya rasu ya shayar da Arzika. Na ga wuƙa ta lanƙwashe a cikin Bawa da idona, ba labari aka ba ni ba. Maganin yana da sharaɗi guda: kuɓewa ba ta shiga bakin mai shi, ɗanya ko busasshiya. In ta shiga ya karye, kuma ba a sake shansa sai hannun wanda ya ba ka. Tun ranar da aka kai ni gidan Bawa kuɓewa ba ta ƙetare dangarmu ba.

Wani direba Bakano ya yarda ya ɗora ni saman buhuna. Duk abin da na faɗa sai ya maimaita da murya irin tamu yana dariya, na ƙyale shi, motarsa ce. A Kwantagora muka iske shinge. Wani soja ya hau ya ce in ba shi takarda. Ba ni da ita. Direba ya leƙo ta taga.

"Ofisa, dubi fuskarta. Uwar ɗaya daga cikin masu tsagar nan ce, waɗanda harsashi ba ya ci."

Sojan ya ja baya, ya sara mini yana murmushi, ya sauka. Ni ban yi murmushi ba. Bawa bai taɓa faɗa wa kowa abin da ya sha ba, abin ɓoyo ne. Ga shi yanzu a bakin direbobi, ana buɗe shinge da shi. Nan na fara gane abin da Gado ke sayarwa.

Wajen Bida motar ta lalace, muka yi kwanaki bakin hanya. Ruwan ƙasar nan ba irin namu ba ne, ba ya sallama. Zanen da ke jikina shi kaɗai ne, ya jiƙe ya bushe ya sake jiƙewa. Wata Banufiya mai sayar da kunu ta dube ni ta dube ni, ta shiga bukka ta fito da zane baƙi mai kauri ta yafa mini, ta miƙo mini kunu mai zafi. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Na miƙa mata ɗan goron da ke ƙulle a bakin zanena, ta ture hannuna. Da ta juya baya na bi gefen zanen da yatsa tun daga wannan baki har wancan, ko an ɗinke wani abu a ciki. Ba kome. Zane ne kawai. Yana cikin adakata har yau.

Daga nan ƙasa ta sake. Itatuwa suka rufe sama, ba a ganin nesa. Mu mutanen Arewa mun saba in mutum zai zo maka ka hango shi tun yana kamar ƙuda, ka gama shawarar abin da za ka ce masa kafin ya iso. Can kuwa sai mutum ya tsaya gabanka za ka san da shi. Na yi kewar dutsen Dogon Dutsi da ake gani daga ko'ina, na yi kewar ƙarar sussukar gero. Abinci duk doya da manja, cikina ya ƙi.

A Lakwaja na ga ruwan da ban san Allah ya yi irinsa ba. Aka tura motar cikin jirgin fito, ni ina sama na rungume akushi. Jirgin da ke dawowa daga hayi ya gifta mu, an jera mutane kwance a cikinsa, wasu an rufe su har fuska. Na leƙa ina neman tsaga. Direba ya daina dariya tun daga nan.

Sansanin Gado filin wata makaranta ce da aka watse, can gaba da hayin kogi. Na iske shi zaune gindin mangwaro, rediyo kusa da kunne, ya yi ƙiba har wuyansa ya ɓace.

"Inna Gambi. Ƙafa ta kawo ki har nan?"

"Motarka ta kawo ni, Alhaji."

"Kin zo ganin yaro."

"Na zo in tahi da shi."

Ya yi dariya, ya sa aka kawo mini ruwa. "Ba ɗaure shike ba. In ya ce zai bi ki, ga hanya nan."

Da ya faɗi haka ba gardama, na san ya riga ya san amsar.

Arzika ya dawo da la'asar saman motar gaba. Kaki a jikinsa, takalmin soja, bindiga a kafaɗa. Ya yi kumatu. Da ya gan ni ya tsaya cik, sa'an nan ya zo ya durƙusa, amma idonsa na kan abokansa.

"Inna, wa ya ce ki zo?"

"Gonar ubanka."

"Aiki nikai nan."

"Na gani. Tashi mu tahi."

"In koma in ce mi? Na ji tsoro? Nan da sunan Baba aka kirana. Sojoji na ba ni hanya. In na bi ki, ba ni kaɗai za a yi wa dariya ba, har shi da ke kabari."

Na yi masa magana ranar, na yi masa washegari. Na tuna masa nonon da ya sha. Na ce zan ɗaga masa shi. Ya sunkuyar da kai ya ce in yi haƙuri. Halin ubansa ne, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma motsi.

Gado da kansa ya ba ni dalilin zama. Masu gadinsa Arawa ba su cin abincin kowa a sansanin, don mutanen ƙasar kusan kowace miya sai sun sa mata kuɓewa. Su ke dafa nasu da kansu, tuwo ya yi gudaji, miya ta yi ruwa, suna ramewa suna faɗa da juna.

"Allah ne ya kawo ki," in ji shi. "Matar maharbi, kin san sharaɗi. Ki riƙe musu tukunya. Tukunyarki za su ci ido rufe."

Na karɓa, don in zauna kusa da yaron. Aka ba ni murhu daban a bayan aji, da tukunya daban, da muciya daban. Dattijon cikinsu, Baidu, wanda ya yi farauta tare da mijina, ya ɗanɗana miyar kukata ranar farko ya ce, "Yau munka iso gida." Tun daga nan ba wanda ya ƙara leƙa abin da nake zubawa.

Mai tukunya tana ganin kowa, ba wanda ke ganinta. Na zauna ina kallon yadda ake loda motoci. Man mota da shinkafa da shanu a tsakiya suke. Motar ƙarshe ƙanen matar Gado ke tuƙa ta. Motar gaba kuwa kullum wadda ta fi tsufa ce, kuma abin da ke cikinta itace ne da gangunan da ba kome. Samanta ake jera Arawa, a zaune tsaye-tsaye, layu a waje, don a gan su daga nesa. Gado bai taɓa bin ayari ba. Yana tsayawa bakin ƙofa ya ɗaga musu hannu, ya koma wurin rediyonsa.

Na tambayi Baidu me ya sa motar gaba ba ta ɗaukar kaya mai daraja.

"Don ta yi sauƙi, ta yi gudu."

"Wa ya ce?"

"Alhaji."

Na ci gaba da tuƙa tuwona.

Akwai wani Nomau daga wajen Ɗan Kasari, siriri, mai tsantseni har ya wuce kima. Ko goro aka ba shi sai ya wanke. Ko ruwa ba ya sha sai na randata. Wata rana ayari ya dawo babu motar gaba. Abin da aka binne a hanya ne ya tashi da ita, nakiya suke ce masa. Arzika ranar yana hutu. Wasu sun ji ciwo, Nomau ne ya mutu. Aka kawo shi cikin buhu.

Bayan an rufe shi Gado ya tara su gindin mangwaro, ya girgiza kai kamar mai baƙin ciki.

"Na sha faɗa muku ku kiyayi abincin kasuwa. An gan shi shekaranjiya wurin wata mai tuwo. Kuɓewa ya ci. Magani ba ya ƙarya, mutum ke ƙarya."

Suka gyaɗa kai, har na ga hankalinsu ya kwanta. Na tambayi Baidu daga baya ko Nomau ne na farko. Ya ce a'a, an yi wasu kafin zuwana.

"Su ma kuɓewa sunka ci?"

"Haka anka ce."

Shekaranjiyar da Gado ke faɗi, Nomau zazzaɓi yake, yana kwance bayan murhuna tun safe har faɗuwar rana, ni na dama masa kunu. Bai je kasuwa ba. Na faɗa wa Arzika haka. Ya ce to wata rana ce daban ya ci, Alhaji ya manta ranar. Na ce ubansa da wuƙa da kibiya ya gwada maganin nan, bai taɓa gamuwa da abin da ke ɗaga mota sama ba. Ya ce ƙarfe ƙarfe ne.

Na gane ba za a kama Gado ba. In sun dawo, maganin ne ya yi aiki. In sun mutu, su suka karya shi. Shi dai motocinsa na tsakiya suna isa.

Can ɗaya gefen filin akwai wata Ba'igala, Ojoma, ita ke dafa wa direbobi. Mun saba gaisawa da hannu, tana da 'yar Hausa kaɗan. Na je wurinta da rana tsaka lokacin da maza ke barci. Tana tsakar kaɗa miya, ƙamshin ya buge ni, na tuna tukunyar uwata tun ina budurwa. Ta ga yadda na tsaya, ta ɗebo a ludayi ta miƙo. Na sha. Rabona da ita tun kafin aure. Na nuna mata busasshiyar kuɓewar da ke cikin kwando, na nuna tafin hannuna.

Ta dubi bayan aji inda murhuna yake, ta dube ni. "Naku ba ci."

"Ni zan ci."

Ta daɗe tana kallona. Sa'an nan ta daka mini a turminta, ta tankaɗe har ta yi laushi kamar garin kuka, ta ƙulle a ganye. Ba ta ƙara tambaya ba, ban kuwa ji ta faɗa wa kowa ba, ko da yake na sa mata ido.

Na riƙe ƙullin nan a ƙugu ban taɓa shi ba har aka ce za a yi wata tafiya ta sabuwar hanya, wadda soja suka karɓa ba da daɗewa ba. Direbobi na ta gunaguni. Aka ce Arzika ne zai zauna saman kan motar gaba, inda Nomau ke zama.

Da safe suka taru cin ɗumame kafin tashi. Na zuba wa kowa daga tukunya kamar kullum. Na Arzika na zuba a akushin ubansa, a ciki yake ci tun zuwana. Miyar kuka tana da yauƙinta, wani yauƙin ba ya nunawa a cikinta. Na ajiye masa, na koma na zauna kan turmi.

Ya ci. Ya suɗe akushin da yatsa.

"Inna, miyar yau ta fi."

Na jira ya sha ruwa. Gado na tsaye bakin ƙofa, an tayar da motoci. Na miƙe na kwance ganyen, na buɗe shi a tafin hannuna inda kowa zai gani.

"Baidu, zo ka shinshina wanga."

Ya zo ya shinshina. Ya ja da baya kamar ya taka wuta.

"A akushin Arzika kaɗai na zuba. Naku lahiya lau. Ya cinye, kun gani."

Arzika ya dubi akushin. Ya sa yatsa a maƙogwaro ya juya bayan mota, muna jin kakarinsa. Baidu ya ce masa ya bari, in ta wuce harshe ta wuce.

Gado ya taho da sauri, rigarsa na jan ƙasa.

"Mene ne? Me ake jira?"

Aka faɗa masa. Ya dube ni, na ga abin da ke bayan fara'ar nan tasa karo na farko. Sai ya juya ga maza ya yi dariya.

"Haba, ɗan garin kuɓewa? Wannan ai ba kome ba ne. Arzika, wanke bakinka ka hau. Rana na yi."

Baidu ya sauke bindigarsa ya dogara ta a ƙasa.

"Alhaji, ba kome ba ne?"

"Ɗan kaɗan ne, ai."

"To mi ya kashe Nomau?"

Injin motoci na ta ruri. Maza duk suka juyo suna kallon Gado. Na ga yana lissafi a ransa, kamar yadda na sha ganinsa yana yi gaban buhun gishiri. In ya ce kuɓewa ba ta karya magani, to ƙarya ya yi wa mamaci, kuma ba mai sake hawa motar gaba. In ya ce tana karyawa, ya rasa mutum guda.

"Gaskiyarka, Baidu," ya ce. "Na yi gaggawa. Ya karye. Kada ya hau, kada ya jawo muku ƙarfe."

Ya juyo gare ni, murya ƙasa ƙasa. "Kin kashe ɗanki da ransa, Gambi."

"Da ransa dai, Gado."

Ya ce kada rana ta faɗi muna sansaninsa. Aka karɓe kakin da takalmin da bindigar. Wani ya hau wurin Arzika, ayari ya tashi.

Ina wanke akushi sai wani cikin waɗanda ke hutu ranar ya zo ya tsuguna kusa da ni, kamar mai neman wuta. Magidanci ne, yana yawan yi mini zancen 'ya'yansa ƙanana. Bai dube ni ba.

"Inna, akwai saura?"

Na dube shi da kyau, ko Gado ne ya turo shi. Ban ga alama ba. Na ajiye ganyen kan dutsen murhu na tafi ɗiban ruwa. Da na dawo ganyen a suɗe yake. A bakin jirgin fito ya iske mu, ya ce tsautsayi ne, ya ɗauka garin kuka ne.

A Lakwaja muka ji labari ayarin ranar ya je ya dawo, ko ƙaya bai taka ba. Arzika ya dube ni da aka faɗa, shi ne kallon farko da ya yi mini tun safiyar nan. Daga nan har Geceme bai yi mini magana ba. In mun sauka yana nemo mini ruwa, ya ajiye gabana, ya koma nesa ya zauna. A Bida na nemi Banufiyar nan in nuna mata na samo shi, bukkar ba kowa. A Jega na duba rumfunan masu gishiri.

Da muka iso ya je kabarin ubansa ya yini. Ya rataye bakan gidan a ɗaki bai sake taɓa shi ba. Maharba suka daina kiransa in za a fita. Wasu suka ce uwarsa ta goyo shi daga yaƙi, yara har waƙa suka yi. Ya nome gonar, ya yi aure, ya ja danga tsakanin ɗakina da nasa. Yana gaishe ni kowace safiya, bai taɓa fasawa ba, amma bai sake cin abin da ya fito daga tukunyata ba. In na aika da tuwo, matarsa na dawo da kwanon a wanke, na san kaji suka ci.

Cikin waɗanda muka bari a sansanin wasu sun dawo da rediyo da keke. Baidu bai dawo ba. Na tambayi wanda ya kawo kayansa me aka ce. Ya ce an ce an gan shi a kasuwa.

Gado kuwa bai rasa kome ba. Da yaƙin kudu ya ƙare na ji motocinsa sun nufi gabas, wajen tafki, inda wani yaƙin ya tashi. Ya mutu a kan katifa. 'Ya'yansa ke riƙe da abin yanzu, an ce suna da biro, wato ofis, a babban birni, masu gadinsu da riga iri ɗaya, zakin nan na nan a ƙofar mota. Inda duk aka ce ana harbi, ka tambaya, za ka ji suna kai abinci. Har yanzu suna aiko mutum Arewa in sun rasa masu hawa gaba. Ban san abin da suke faɗa wa samarin yanzu ba, na dai san suna da abin faɗi.

Arzika ya yi furfura. Yana da ɗan lambu a fadama, albasa da tattasai. Wata shekara na ji an ce ya shuka kuɓewa, ban yarda ba sai da na je na gani. Da ta nuna, ya ɗauko kwandon farko da kansa ya ajiye bakin ƙofata, ya gaishe ni, ya tafi. Haka yake yi kowace shekara tun daga nan, bai taɓa cewa kome a kai ba. Na juya abin nan a raina ta kowace fuska, har yau ban gane ba ko godiya ce ko gori.

Ina dai karɓa, in yanka, in shanya.